Tattalin Magungunan Antibiyotik a Hannun Ma'aikacin Jinya: Nazari a kan Ƙasar Arewa (Dogon Dutsi da Tibiri)

1.0 Gabatarwa

A mafi yawan garuruwan karkara na Nijar, wanda ke duba maras lafiya, ya yanke shawara, kuma ya rubuta magani, ma'aikacin jinya ne, wato wanda jama'a ke kira "likita" ko da ba shi da digirin dokta. A hannunsa ne kaso mai yawa na magungunan antibiyotik ke bi kafin su kai ga jama'a. Waɗannan magunguna kuwa sun bambanta da sauran ta fuska guda: duk lokacin da aka ba mutum ɗaya, ana rage wani abu daga ƙarfin maganin a kan kowa da kowa, domin ƙwayoyin cuta suna samun damar yi masa turjiya. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Lancet a 2022 ya ƙiyasta cewa turjiyar bakteriya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a shekarar 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a.

Manufar wannan takarda ita ce bayyana yadda waɗannan magunguna ke aiki, da yadda turjiya ke samuwa, da abin da ya rataya a wuyan ma'aikacin jinya a ƙasar Arewa. Za mu nuna cewa a wurin da yara ke mutuwa don rashin magani a lokacin da wasu ke shan sa ba dalili, aikin ma'aikacin jinya shi ne tattali, wato ba da maganin da ya dace ga wanda ya dace, cikin adadi da lokacin da suka dace. Kalmar "tattali" muka zaɓa domin fassara abin da ake kira "bon usage des antibiotiques" da Faransanci.

2.0 Ƙasar Arewa da hanyoyin samun magani

Abin da muke nufi da Arewa a nan shi ne gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri cikin jahar Dosso, waɗanda ke bin Dallol Mawri. Tibirin da muke magana a kai ita ce ta Arewa, ba ta Gobir ba; an yanke ta daga Dogon Dutsi ta zama gunduma a 2011. Yankin yana iyaka da Najeriya, kuma mutane da dabbobi da kaya suna ƙetarawa ta kasuwannin ɓangarorin biyu kowane mako. Ƙwayoyin cuta da magunguna ma ta nan suke bi.

Tsarin kiwon lafiya na gunduma hawa uku ne: ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauye (cases de santé), sai cibiyoyin lafiya na CSI waɗanda galibi ma'aikacin jinya ke shugabanta, sai asibitin gunduma. Gwajin da ake samu a CSI bai wuce irin na gaggawa ba, kamar na zazzaɓin cizon sauro. Renon ƙwayar cuta a ɗakin bincike da auna maganin da ke kashe ta (antibiogramme) aiki ne na manyan ɗakunan bincike, irin su CERMES da ke Yamai. Ke nan ma'aikacin jinya na Matankari ko na Kore Mairuwa da ido da hannu da littafin ƙa'idoji yake aiki.

Tarihin kuɗin magani ma yana da hannu a cikin lamarin. Shirin Bamako na 1987 ya kawo tsarin biyan kuɗin magani a cibiyoyin lafiya, karyewar darajar kuɗin CFA a watan Janairu 1994 kuma ta tsadantar da maganin da ake shigowa da shi, abin da ya ƙara wa ƴan tallar magani kasuwa. A 2006 gwamnati ta mayar da kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, sai dai masu bincike na LASDEL sun nuna cewa jinkirin biyan cibiyoyin kuɗinsu ya riƙa jawo yankewar magani. In magani ya yanke a CSI, uwa takan nufi mai tebur a kasuwa, ta sayi ƙwaya huɗu ko shida gwargwadon kuɗin hannunta. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta ƙiyasta cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi jabu ne ko maras inganci, kuma antibiyotik da maganin zazzaɓin cizon sauro ne aka fi kai ƙara a kansu.

3.0 Yadda antibiyotik ke aiki

3.1 Inda yake kai hari

Antibiyotik yana aiki ne a kan bakteriya, ta hanyar ɓata wani sashe da bakteriya ke da shi amma jikin ɗan Adam ba shi da irinsa. Magungunan da aka fi samu a CSI da asibitin gunduma sun kasu huɗu ta wannan fuska:

(a) Masu hana gina bangon ƙwayar cuta, wato dangin penisilin: amoksisilin, ampisilin, da seftriyakzon (ceftriaxone).

(b) Masu hana ta ƙera furotin: jantamisin, azitromisin, tetrasiklin, da kuloramfenikol.

(c) Masu hana ta kwafar ƙwayar gadonta (ADN): siprofuloksasin.

(d) Masu toshe mata hanyar haɗa sinadarin folat: kotrimokzazol.

Ƙwayar birus, wadda ke haddasa mura da mafi yawan tari da gudawar yara, ba ta da bango kuma ba ta da waɗannan sassa. Saboda haka yaron da aka ba amoksisilin don mura bai samu komai ba sai haɗarin gudawa da ƙuraje, bakteriyar hanjinsa kuwa sun samu darasi.

3.2 Adadi da lokaci

Sanin sunan magani bai isa ba, sai an san yadda yake zama cikin jini. Dangin penisilin suna kisa ne gwargwadon tsawon lokacin da adadinsu a jini ya ɗara mafi ƙarancin abin da ke hana ƙwayar hayayyafa (CMI). Rabin amoksisilin yana fita daga jini cikin kimanin awa ɗaya, shi ya sa tazarar da ke tsakanin sha da sha take da muhimmanci. Mai azumin da ya haɗe shan yini duka tsakanin buɗa-baki da sahur ya bar ƙwayar cuta ta huta awa goma sha wani abu. Seftriyakzon kuwa rabinsa yakan ɗauki kimanin awa 8 kafin ya fita, don haka allura ɗaya a yini take wadatarwa.

Jantamisin dabam yake: ƙarfinsa yana ga tsawon ƙololuwar da ya kai a jini, shi ya sa ake ba da shi sau ɗaya a yini, a auna shi da nauyin jiki. Yana iya taɓa ƙoda da kunne, don haka wajibi ne a lura da fitsarin maras lafiya, musamman yaron da gudawa ta tsotse. Azitromisin yana daɗewa ƙwarai, rabinsa kan kai kusan kwana 3 a jiki. Wannan ya sa yake da sauƙin rabawa, amma kuma yana barin ɗan ragowa na tsawon makonni wanda bai kai ya kashe ƙwaya ba, yanayin da ya fi dacewa da tsirar masu turjiya.

Akwai kuma abin da ya shafi cimarmu. Sinadarin kalsiyom da ke cikin nono, da ƙarfe da zinki da ke cikin ƙwayoyin ƙarin jini, suna kama tetrasiklin da siprofuloksasin a hanji su hana su shiga jini sosai. Wanda ya kora siprofuloksasin da fura da nono ya sha ƙasa da abin da aka rubuta masa. Haka nan ba a haɗa seftriyakzon da ruwan ƙari mai kalsiyom, irin Ringer, a jijiya ɗaya, balle ga jarirai sabbin haihuwa.

4.0 Turjiya

4.1 Yadda take samuwa

Sau da yawa maras lafiya kan ce "jikina ya saba da wannan magani". Jiki ba ya sabawa da antibiyotik. Ƙwayar cuta ce ke sauyawa. A cikin miliyoyin bakteriya da ke hanji ko maƙogwaro akan samu ƙalilan da ke da kariya daga wani magani. In aka sha maganin, marasa kariya su mutu, masu kariya su samu fili su hayayyafa. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin a 1928, ya yi kashedi a kan haka tun a laccarsa ta karɓar kyautar Nobel a 1945.

Dabarun kariyar huɗu ne. Ƙwayar takan fitar da sinadarin da ke farfasa maganin, kamar beta-laktamaz. Ko ta sauya siffar wurin da maganin ke kamawa. Ko ta riƙa tunkuɗo shi waje. Ko ta toshe ƙofofin da yake shiga. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne bakteriya suna miƙa wa juna waɗannan dabaru a kan wasu ƴan guntayen ADN da ake kira plasmid, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, kuma guntu ɗaya yakan ɗauki kariya daga magunguna da yawa. Mafi damuwa a yankinmu su ne bakteriyar hanji masu fitar da BLSE, wato nau'in beta-laktamaz da ke farfasa har seftriyakzon. Suna yaɗuwa ta kashi, da hannu, da ruwan sha, da kayan aikin jinya. Dabbobi ma suna cikin zagayen, tunda makiyaya suna sayen oksitetrasiklin a kasuwa su yi wa bisashensu allura da kansu.

4.2 Abin da aka auna a Nijar

Awon da ya fi kusa da Arewa an yi shi ne a jahar Maraɗi, wadda yanayinta da mu'amalarta da Najeriya suka yi kama da na Arewa. A wata cibiyar kula da yara masu tamowa a Maraɗi, binciken da aka buga a 2011 ya samu kashi 31 cikin 100 na yara 55 ɗauke da bakteriya masu BLSE tun ranar da aka kwantar da su. Daga cikin waɗanda suka shigo ba su da su, kusan duk waɗanda aka sake gwadawa sun kwashe su kafin a sallame su. Ke nan ɗakin jinya da kansa wurin yaɗuwa ne.

A Madarumfa kuma, tsakanin 2012 da 2013, an gwada amoksisilin a kan yara 2,399 masu tamowa mai tsanani amma maras rikici. Sakamakon da aka buga a 2016 ya nuna cewa maganin bai ƙara yawan masu murmurewa ba, ko da yake ya rage yawan waɗanda aka tura asibiti. Da aka binciki kashin wasu daga cikin yaran, sai aka ga waɗanda suka sha amoksisilin sun fi kwasar bakteriya masu BLSE a makon farko.

5.0 Darussa biyu daga jahar Dosso

5.1 Sanƙarau na 2015

Bayan rigakafin MenAfriVac da aka yi a Nijar a 2010 da 2011, sanƙarau na rukunin A ya kusa ɓacewa. Sai wani sabon nau'i na rukunin C ya ɓulla a arewa maso yammacin Najeriya, a jihohin Sakkwato da Kebbi, a 2013 da 2014, ya ƙetaro. Daga Janairu zuwa Yuni 2015 an lissafa mutum 9,367 da ake zaton sun kamu a Nijar, 549 suka rasu. Dogon Dutsi da Gaya suna cikin gundumomin da annobar ta taɓa sosai.

Maganin da aka dogara da shi a lokacin shi ne seftriyakzon. A da, allurar kuloramfenikol mai mai ake amfani da ita a lokacin annoba, sai gwajin da aka yi a Nijar a 2003 ya nuna seftriyakzon bai gaza ta ba. Ƙa'idar OMS ta 2014 ta tanadi seftriyakzon na kwana 5 a lokacin annoba, miligiram 100 ga kowane kilo na nauyin yaro a yini. Darasin a nan shi ne: maganin da ke tsakanin ɗan Arewa da mutuwa a watan Maris da Afrilu, shi ne kuma allurar da ake sha'awar yi wa kowane mai zazzaɓi a sauran watanni don a nuna an yi masa "magani mai ƙarfi". Kowace kwalba da aka ɓatar a kan mura ta rage abin da ke kan kanta ranar annoba, ta kuma ƙara wa masu BLSE fili.

A 2017 an gwada wata dabara a Madarumfa: da zarar an samu mai sanƙarau a ƙauye, sai a ba duk mutanen ƙauyen siprofuloksasin sau ɗaya. Yawan masu kamuwa ya ragu da kimanin kashi 60 cikin 100. Amma binciken ya gano wani abu mai tayar da hankali, wato tun kafin a raba maganin, kimanin kashi 95 cikin 100 na waɗanda aka gwada suna ɗauke da bakteriyar hanji masu turjiya ga siprofuloksasin. Wannan kuwa shi ne maganin da ake ba mai atuni.

5.2 Rabon azitromisin ga yara

Darasi na biyu ya fi wuyar warwarewa. Tsakanin 2014 da 2017 aka gudanar da gwajin MORDOR a Nijar da Malawi da Tanzaniya. A Nijar gundumomin Boboy da Loga na jahar Dosso aka zaɓa. An riƙa ba duk yara daga wata 1 zuwa wata 59 azitromisin sau biyu a shekara, ko suna ciwo ko ba sa yi. Mace-macen yara sun ragu da kashi 13.5 cikin 100 a ƙasashen uku a haɗe, da kashi 18.1 a Nijar. Sai dai awon da ya biyo baya ya nuna ƙwayoyin gadon turjiya ga dangin azitromisin sun ninka kimanin sau 7 a hanjin yaran ƙauyukan da suka daɗe suna sha.

A 2020 OMS ta ƙi amincewa da rabon ga kowa da kowa, ta ce a duba yiwuwar yin sa ga jarirai ƴan wata 1 zuwa 11 kaɗai, a wuraren da mace-macen yara suka yi yawa, tare da sa ido a kan turjiya. Daga baya gwajin AVENIR, wanda aka yi a jahohin Dosso da Tawa aka kuma buga a 2024, ya samu raguwar kashi 14 cikin 100 idan an ba dukan yara har zuwa wata 59, alhali ba jarirai kaɗai bai nuna raguwa tabbatacciya ba.

Abin da wannan ke nunawa shi ne akwai yara da yawa a jahar Dosso da ke mutuwa da cututtukan da antibiyotik zai iya warkarwa, don bai kai gare su ba. Wanda ya fahimci tattali a matsayin hana magani kawai bai fahimci halin da yankin ke ciki ba. Amma kuma irin wannan rabo shiri ne na hukuma, mai lissafi da awo. Ba ya zama hujja ga ma'aikacin jinya ya riƙa ba kowane yaro azitromisin a teburinsa.

6.0 Tattali a teburin ma'aikacin jinya

A 2017 OMS ta kasa antibiyotik rukuni uku a tsarin AWaRe: na yau da kullum (kamar amoksisilin, jantamisin, kotrimokzazol), na taka-tsantsan (kamar seftriyakzon, siprofuloksasin, azitromisin), da na ajiya. A taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Satumba 2024 ƙasashe sun amince cewa kafin 2030 aƙalla kashi 70 cikin 100 na antibiyotik da mutane ke sha su kasance daga rukunin farko. Abin lura shi ne magunguna ukun da muka yi magana a kansu a sashe na 5 duka na rukuni na biyu ne. A aikace, tattali a CSI ya ƙunshi abubuwa kamar haka:

(a) Bincike kafin rubutu. Mai zazzaɓi a yi masa gwajin cizon sauro. In gwajin bai nuna komai ba, wannan kaɗai ba dalilin ba da antibiyotik ba ne, sai a duba kunne da maƙogwaro da fata da wuya. Yaro mai tari a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cur: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa 11, 40 ko fiye ga ɗan shekara 1 zuwa 5, shi ne saurin numfashin da ke nuna ciwon huhu, kuma amoksisilin ne maganinsa. Gudawar da ba jini a ciki ruwan gishiri da sukari da zinki take buƙata.

(b) Sikeli. Adadin maganin yara da kilo ake lissafa shi. Ƙiyasi da ido yakan ba da ƙasa da kima, wanda ke reno masu turjiya, ko sama da kima, wanda ke cutarwa.

(c) Baki kafin allura. Jama'a sun ɗauka allura ta fi ƙwaya ƙarfi, amma yaron da ke iya sha kuma ba shi da alamar haɗari, maganin baki ya wadatar da shi. Ƙwayar amoksisilin mai narkewa a ruwa ta fi siro dacewa da ƙauyen da ba firiji, inda zafin bazara ke wuce digiri 40.

(d) Bayani da Hausa. A faɗa wa uwa lokacin sha da abin da ta sani, kamar asuba da magariba, da yawan kwanakin, da cewa kada a ajiye ragowa don ƙanensa. Binciken shekarun baya-bayan nan ya nuna gajeren wa'adi yana wadatarwa a cututtuka da dama, don haka kwanakin da ƙa'ida ta yanke za a bi, ba ƙari ba ragi. In ba a ba da antibiyotik ba, a bayyana dalili, a faɗi alamun da za su sa a dawo da gaggawa. Uwar da ta taka kilomita goma aka sallame ta ba bayani, wurin mai tebur za ta biya.

(e) Gaggawa a inda ta wajaba. Sanƙarewar wuya, suma, jijjiga, ko jariri ɗan ƙasa da wata 2 da ya ƙi nono, ba wurin jinkiri ba ne: a yi allurar farko, a tura asibiti. In da hali a ɗebi ruwan ƙashin baya don a aika ɗakin bincike, amma kada jiran ɗiba ya jinkirta magani. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun watan Disamba ya kamata shugaban CSI ya san yawan seftriyakzon da ke hannunsa.

(f) Tsabta da rajista. Wanke hannu tsakanin maras lafiya da maras lafiya shi ne amsar abin da aka gani a Maraɗi. Rajistar CSI kuma tana iya zama kayan bincike: a ƙirga kowane wata mutum nawa cikin 100 suka fita da antibiyotik, kuma nawa ne daga rukuni na biyu.

7.0 Kammalawa

A wannan takarda mun ga cewa ƙarfin antibiyotik ya dogara ga zaɓi da adadi da lokaci, kuma turjiya sakamako ce ta kowane amfani da aka yi da shi, mai kyau ko maras kyau. Annobar 2015 da gwaje-gwajen azitromisin sun nuna cewa jahar Dosso tana fama da ƙarancin magani da kuma barnarsa a lokaci guda. Ma'aikacin jinya ba zai iya ɗaukar nauyin shi kaɗai ba: in magani na yankewa a CSI, ko ba sikeli, ko ba mai zuwa duba aiki, nasiha ba za ta yi tasiri ba. Makarantun horar da ma'aikatan lafiya na Yamai da Damagaram suna da rawar takawa wajen koyar da dalilin kowace ƙa'ida tare da ita ƙa'idar.

Ga ɗaliban da ke neman batun bincike, muna ba da shawarar abubuwa uku da za a iya yi a Dogon Dutsi da Tibiri ba tare da kuɗi masu yawa ba: nazarin rajistar CSI bisa tsarin AWaRe a rani da damina, tattara sunayen da jama'a ke kiran magunguna da su a kasuwanni da abin da suke sha dominsa, da gwada kalmomin Hausa da suka fi isar da ma'anar turjiya ga iyaye mata, domin a samu fassara ɗaya da ma'aikatan jinya za su riƙa amfani da ita.